Tambayoyinku: An ce maganin ya kashe ƙwayoyin cutar kansa a lab, to me ake jira?

TAMBAYA: Salam likita. Dan Allah na gani a Facebook wai an gano maganin kansa da ake haɗawa da jinin mutum, an gwada a lab ya kashe kansar mama tas. Yayata na fama da ita ana mata kemo, me yasa ba a ba mutane?
Daga wata baiwar Allah a Gusau.

AMSA: Wa'alaiki salam 'yar uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Abin da kika gani CAR-T ake ce masa kuma akwai shi da gaske, ana ɗibar sojojin jinin mara lafiya a gyara su yadda zasu gane ƙwayar kansa sannan a mayar masa. Amurka ta amince da na farko, Kymriah, a 2017, amma na kansar jini ne.

Inda gizo ke saƙar shine wannan "a lab" ɗin, wato a ɗakin gwaji ba a jikin mutum ba. A farantin gwaji ƙwayoyin kansa a shimfiɗe suke ba wurin ɓuya, sojojin na isa sai su far musu, amma ƙarin dake jikin mutum dunƙule yake kamar curin fura, nama mai tauri ya kewaye shi, can tsakiya iska bata isa sosai, ga wasu ƙwayoyi da yake tarawa suna kashe wa sojojin gwiwa sai su gaji tun kafin su shiga. Ɓerayen gwaji kuma yawanci basu da garkuwar jiki, da gangan ake haka don jikinsu ya karɓi ƙwayar ɗan adam, to kinga da wuya su nuna irin mugun zazzaɓin da maganin ke iya jawowa, wanda ya kusa kashe Emily Whitehead a 2012, yarinya ta farko da aka yi wa CAR-T na kansar jini.

Shi yasa yanzu ake renon ƙaramin ƙari a ɗakin gwaji. Tawagar Hans Clevers a Holan ce ta buɗe wannan hanya a 2009 da ƙwayoyin hanji. Ana yanko ɗan tsoka daga ƙarin mara lafiya a saka cikin wani abu mai kama da jeli har ya tsiro ɗan curi, sai a zuba masa sojojin a duba ta madubin ƙara girma, sun kutsa ciki ne ko a gefe suka maƙale? Wallahi ni wannan yafi kwanta min a rai, koda yake ɗan curin bashi da jijiyoyin jini, dole sai an gwada a jikin mutane.

Na kansar mama har yanzu a matakin gwaji yake. Dan Allah kar Yaya ta tsallake kemo ko ɗaya saboda labarin Facebook, in yana wahalar da ita ku faɗa wa likitanta, akwai maganin amai da ake bayarwa.