Marubuci ko mai zane: wa ke da haƙƙin mallakar jarumin labari?

Tambayarka ita ce, idan marubuci da mai zane suka ƙirƙiri jarumin littafin labarin zane tare ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, wa ke da shi? A dokar Amurka, su biyun ne ke da shi, kuma duk wanda ya ci riba da jarumin wajibi ne ya ba ɗan'uwansa kasonsa. Haka kotu ta yanke a 2002 tsakanin marubuci Neil Gaiman da mai zane Todd McFarlane kan jaruma Angela da wasu jarumai biyu da suka fara fitowa a fitowa ta 9 ta littafin labarin zane mai suna Spawn a 1993. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2004, amma ba su sasanta ba sai 2012. Abin mamaki, McFarlane, wanda ya musanta kason Gaiman, yana cikin masu zanen da suka bar kamfanin littattafan labarin zane na Marvel a 1992 suka kafa nasu kamfanin, Image Comics, domin kare haƙƙin masu ƙirƙira.

Sharaɗin shi ne, idan ɗayanku ma'aikacin ɗayan ne, ko ya sa hannu ya sallama haƙƙinsa, to magana ta sauya. A abin da na gani a aikin haɗin gwiwa, girman kai ba ya bayyana sai littafi ya karɓu, lokacin da kowa yake ganin saboda shi ake saye, don haka ku rubuta kason kowa tun kafin a zana shafin farko.