Amsa: Yaran shagona sun yi sanyi, ko ƙarin albashi ne maganin?

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ka ce ma'aikata takwas gare ka a shagonka na Wuse a Abuja, kullum a makare suke zuwa, aiki kuma kamar ana jan su.

Kafin maganar ƙari, ka tambaye su daga ina suke tasowa. Na yi imanin cewa rabinsu daga Mararaba, Masaka ko Suleja suke. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci, ga cunkoson Nyanya da safe. Wanda ya fito tun asuba ya sha wannan, ka tarbe shi da faɗa gaban kwastoma, me kake jira daga gare shi?

Naira 70,000 ta mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kanta a 2024 ba ta hau kanka a doka ba, tunda ba ku kai mutum 25 ba, amma da ita yaranka ke auna ka.

Ni abin da ya yi mini aiki: na ware kuɗin mota daban ina bayarwa duk Litinin, albashi kuma ba ya wuce ranar 28 ko da ciniki ya yi baya. Gyara kuwa, a ofis nake yi, mu biyu.

Sai abu mai ɗan ɗaci, ka yi haƙuri. Idan ɗan yayarka da ka ɗora kansu sai goma yake shigowa, ba wanda zai zo takwas. Fara da shi.