Tambaya da Amsa: Ta ina aka shiga rumbun bayanan makarantarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Muna ajiye sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta da albashin malamai a fayil ɗaya na Microsoft Access, manhajar ajiye bayanai a jadawalai, wanda wani matashi ya haɗa mana shekarun baya, ya yi masa shafin shiga mai neman suna da kalmar sirri. Kwanan nan na ji wani malami yana faɗin albashin abokin aikinsa har da ƙwandala, alhali ba a ba shi izinin ganin wannan ɓangare ba. Kwamfutoci uku ne ke amfani da fayil ɗin. Ta ina ya shiga, kuma me ya kamata in yi?
Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Akawu. Shafin shiga da aka yi muku labule ne da aka rataya a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya san hanya zai ɗaga shi ya wuce. Ku gwada da kanku: ku danne maɓallin Shift yayin da kuke buɗe fayil ɗin. Idan wanda ya haɗa shi bai toshe wannan hanya ba, Access zai tsallake shafin shigar gaba ɗaya, ya baje muku dukkan jadawalai a gefen hagu na allo, har da na albashi. Ko da an toshe ta, mutum zai iya buɗe Excel ko wani sabon fayil na Access ya janyo jadawalan, domin bayanan da ke ciki ba a sirrance suke ba.

Abu na farko shi ne ku duba ƙarshen sunan fayil ɗin. Idan mdb ne, to tsohon tsari ne na Access 2003 da waɗanda suka gabace shi, kuma kalmar sirrinsa ba ta da ƙarfi ko kaɗan, domin akwai ƙananan manhajoji da ke tono ta cikin ɗan lokaci. Ku mayar da shi accdb, tsarin da ya zo da Access 2007, sannan ku buɗe shi ta zaɓin Open Exclusive a lokacin da babu kowa a kai, ku shiga File, ku shiga Info, ku zaɓi Encrypt with Password. Wannan yana sirranta abin da ke cikin fayil ɗin kansa, ta yadda wanda ya kwafe shi a filash ba zai ga komai ba sai da kalmar.

Amma dole ne in gaya muku iyakar wannan mataki. Kalmar guda ɗaya ce ga kowa, kuma wanda ya san ta ya ga komai. Tsohon tsarin da ke ba kowane ma'aikaci izininsa daban ba ya aiki a accdb, Microsoft ta cire shi. Bugu da ƙari, duk mai aiki da fayil ɗin ta hanyar sadarwar ofis yana buƙatar izinin rubutu a foldar da yake ciki, saboda Access yana ƙirƙirar wani ɗan fayil mai ƙarshen laccdb a nan duk lokacin da aka buɗe rumbun. Wanda ke da wannan izini kuwa yana iya kwafe fayil ɗin ya tafi da shi gida. Ko raba rumbun gida biyu da masana ke ba da shawara, wato jadawalai a wuri ɗaya, shafukan aiki a kwamfutar kowa, bai rufe wannan kafa ba, domin kalmar sirrin tana zaune a cikin mahaɗin da ke tsakaninsu.

Saboda haka shawarata ita ce ku cire albashi daga fayil ɗin da kowa ke taɓawa, ku ba shi nasa fayil da tasa kalmar sirri a kwamfutarku kaɗai. Kowane ma'aikaci ya samu asusunsa na Windows, a daina amfani da asusu ɗaya da kalmarsa ke manne a jikin allo a kan 'yar takarda, abin da na sha gani a ofisoshi kuma yake ɓata mini rai. Idan Windows ɗinku Pro ce, ku kunna BitLocker don tsare faifan ko da an sace kwamfutar.

Idan kuwa tilas ne mutane da yawa su yi aiki da bayanai ɗaya, kowa da iyakarsa, to ku nemi ƙwararre ya kwashe jadawalan zuwa SQL Server Express ko PostgreSQL, manhajojin rumbun bayanai waɗanda kyauta ne. A can uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ita ce ke tantance kowa da sunansa, fayil ɗin ba ya kaiwa hannun ma'aikaci, kuma shafukan Access da kuka saba da su za su ci gaba da aiki.

Ku sanar da mai makarantar cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, balle bayanan yara da iyaye suka ba ku amana. Sabuwar kalmar sirrin kuma ku rubuta ta, ku rufe a ambulan, ku damƙa masa ya kulle a wurinsa, domin idan ta ɓace Microsoft ba za ta iya dawo muku da ita ba.