Hoton bikinmu ya manne da gilashi

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Hoton bikinmu ne muka sa a firem muka rataye a falo. Damina biyu kacal, sai ga gefensa ya manne da gilashi, jan leshina kuma ya koɗe. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Hajiya, kada ki ce za ki ɓamɓare shi. Fuskar hoton gilashi za ta bi, a bar ki da farar takarda. In asalinsa na nan a waya ko kwamfuta, a sake wanko miki kawai. In babu, mai hoto ya ɗauke shi a yadda yake, ta saman gilashin.

Laifin na mai firem ne, ya kwantar da takarda a jikin gilashi. Da zarar ɗanshin watan Agusta ya ratsa, shikenan sun zama ɗaya. Ni a shagona sai na yanka kwali mai kauri, na huda masa taga, na ɗora tsakanin hoto da gilashi don iska ta samu wuri. Ta gefen sama kaɗai nake liƙe hoton, domin takarda tana miƙewa da damina, ta tsuke da hunturu, in aka ɗaure ta ko'ina sai ta yi tudu. Salatif kuwa ba ya shiga firem ɗina, da ya kwana biyu yake zama ruwan ƙasa ya ɓata takarda. Sabon bugu ma sai ya kwana ya sha iska kafin na rufe shi.

Koɗewar kuma rana ce da irin tawada. Akwai mai rini, akwai mai garin launi wadda suke kira figiment. Ta biyun ta fi tsada, amma ta fi jure haske. Ki tambayi mai bugawa wace iri yake amfani da ita, sannan ki sauya bango, ban da mai kallon taga.

Wajen tura wa mai bugawa hoton, kada ya bi ta WhatsApp haka nan, matse shi yake yi; a aika a matsayin dokumen. Hoto mai girman inci 8 da 10 yana son fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, 2400 da 3000. Ki kuma ce a nuna miki inda za a datse, don na sha ganin an yanke wa amarya rabin goggoro.

A bayan kwalin ki sa fensir, ba biro ba, ki rubuta sunaye, shekara da irin tawadar da aka buga shi da ita.