Aikin sanin makama: amsoshin tambayoyin ɗaliban kimiyyar zamantakewa

Wata ɗaliba 'yar aji uku a sashen nazarin halayyar al'umma ta rubuto: "Na samu gurbi biyu na wata uku. Ɗaya a babbar ƙungiya mai zaman kanta a Abuja, ɗaya a wata ƙarama a garinmu da ke ƙidayar yaran da ba sa zuwa makaranta. Wanne zan ɗauka?"

'Yar'uwa, ajiye maganar suna tukuna. Tambayi kowacensu abu uku: wa zai kula da ke, wane aiki za a ɗora miki a mako biyun farko, kuma za a fita da ke cikin unguwanni? Duk inda aka kasa faɗa miki sunan mai kula da ke, kujera za a ba ki kusa da injin hoton takardu, ki yi wata uku kina kai fayil daga ofis zuwa ofis.

Ƙaramar ƙungiya ba ta da isassun hannaye, dole ta yi amfani da ke. Za ki ga yadda ake fara gaishe da mai unguwa kafin a taka ƙofar kowa, da yadda ake neman izinin maigida a zaure kafin a shiga wurin mata. Za ki zauna kan tabarma da mata takwas ko goma, ki lura guda biyu ne ke cinye hirar, ki koyi jawo mai shiru ba tare da kin kunyata ta ba. Sannan rubuta abin da aka naɗa: hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida, ban da mayar da ita Turanci. Aiki ne mai gajiya, amma wanda ya iya shi ba ya rasa kira idan aikin bincike ya taso.

Ki kuma yi lissafi. Wata uku kusan kwana 66 ne na aiki. Ninka kuɗin motar rana ɗaya sau 66, haɗa da masauki da abinci. In ba ki da gidan sauka a Abuja, kuma ba su rubuta miki alawus a takarda ba, mu dai ta gida za mu ce ki ɗauka.

Wani ɗalibin kimiyyar siyasa: "Sashenmu ba ya cikin SIWES. Wani ya ce in biya shi ya samo mini takardar karɓa."

Kada ka ba shi ko sisi. SIWES shiri ne na tura ɗalibai aikin sanin makama a wuraren aiki. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro shi a 1973, kuma ƙarfinsa ya fi karkata ga injiniya, kimiyya, noma da fasaha, sai irin su aikin jarida. Wanda ba ya ciki, takardar gabatarwa daga shugaban sashe ta ishe shi. Kai ta da ƙafarka tare da takardar bayanin karatunka mai shafi ɗaya, wata biyu kafin hutu. Gwada ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko na Hukumar Ƙididdiga a jiharku, ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, ko cibiyoyin bincike irin Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero. Takardar da aka saya tana tonuwa ranar da aka tambaye ka me ka yi a can.

Ku kuma da ke cikin SIWES, ku cike littafin aiki kullum, mai kula da ku ya sa hannu duk mako. Wanda ya bari sai ƙarshe, rubutunsa yakan fito iri ɗaya, malami kuma yana ganewa.

"In sayi kwamfuta ko sabuwar waya?"

Tambayi wurin aikin tukuna, wasu suna bayar da na'urar tattara bayanai. In taka za ka yi amfani da ita, manhajar tattara bayanai ta KoboCollect a kan Android take aiki, kuma tana adana amsoshi ko babu intanet. Abin da ke kayar da mutane a fili batir ne, domin GPS na shan caji, don haka ma'ajiyar caji mai 20,000mAh ta fi maka sabuwar waya amfani. Kwamfuta kuwa, ta hannu ma ta wadatar: Core i5, RAM 8GB, da ma'ajiyar bayanai mai sauri ta SSD. A shagon ka cire caja na minti 20 ka ga yadda batirin ke sauka, ka danna kowane maɓalli. Fara ƙwarewa a Excel. A manhajojin nazarin alƙaluma, SPSS na kuɗi ne, jamovi kyauta.

"Zan iya amfani da bayanan da muka tattara a kundin kammala digirina?"

Sai da rubutaccen izinin ƙungiyar da amincewar malaminki. Mutanen da suka amsa tambayoyi sun yarda ne da wata manufa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan. Nemi izinin tun makon farko, a cire sunaye da lambobin waya kafin fayil ya shigo hannunki.