Tambaya da Amsa: Ta ina zan duba ko lasisin fayawol ɗinmu ya ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin dakon kaya a Apapa, muna da fayawol, wato na'urar da ke tsare hanyar intanet ɗinmu, ƙirar FortiGate 60F da wani injiniya ya haɗa tun kafin in fara aiki a wajen. Ranar Litinin muka wayi gari WhatsApp na aiki amma duk shafin da aka buɗe a burauza sai ya nuna an toshe. Wani ya ce wai lasisi ne ya ƙare. Don Allah ta ina zan duba, kuma ya zan yi kar ya sake yi mana zuwan bazata?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ce maka lasisi ne yana iya yin gaskiya, amma kar ka je wajen oga da maganar kuɗi tukuna, don abu biyu ne ke kawo wannan alamar kuma kamarsu ɗaya sak. Ko dai lasisin ya ƙare da gaske, ko kuma yana nan da ransa amma na'urar ta kasa magana da sabar FortiGuard, wato babbar kwamfutar Fortinet, kamfanin da ya ƙera ta, inda take samun bayanan tsaro. Ita FortiGate duk shafin da ma'aikaci zai buɗe sai ta tambayi sabar can wane rukuni ne wannan shafin, na caca ne, na banki ne, na labarai ne, in ba ta samu amsa ba toh yadda ta zo daga kamfani toshewa take yi kawai. Shi ya sa ka ga wasu abubuwa na wucewa burauza kuma ta tsaya cik.

Fara da mai sauƙi. Ka shiga shafin na'urar, a Dashboard akwai akwatin Licenses, amma ni na fi son ka je System sannan FortiGuard, nan za ka ga kowane abu da ranar ƙarewarsa daban, FortiCare (taimakon kamfani) daban, IPS (mai tare hare-hare) daban, AntiVirus daban, Web Filtering daban. Mutane da yawa sun ɗauka lasisi guda ne, a'a, kana iya samun ɗaya kore ɗaya ja.

Sai ka buɗe CLI, wato wurin rubuta wa na'urar umarni, ka rubuta get system status, ka kwafe siriyal lamba, kuma ka dubi agogon na'urar a ƙasan bayanan da suka fito. Agogon nan kar ka raina shi, a Legas da wuta ke ɗaukewa ana komawa janareta ana dawowa, na'urar da ba ta kama NTP ba, wato sabar da ke daidaita mata agogo, tana iya tashi da kwanan wata na shekarun baya, kuma da agogo ya karkace sai takardar shaidar tsaro ta ƙi karɓuwa, magana da saba ta yanke. Daga nan ka rubuta diagnose autoupdate versions, zai jero maka ranar ƙarewar kwantiragi da lokacin da ta yi yunƙurin sabuntawa na ƙarshe da kuma sakamakon. In ka ga rana tana gaba amma sakamakon na cewa an kasa haɗuwa, toh ba kuɗi ba ne matsalarka, layi ne ko DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa. Ka gwada execute ping service.fortiguard.net, sannan diagnose debug rating ka ga ko sabobin na amsawa. Wanda ya yi aikin nan a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS suka yanke ya san yadda layi mai rauni ke sa na'ura mai lafiya ta zama kamar ta lalace.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ainihin ranar ƙarewa ba a cikin na'urar take ba, tana can a asusun kamfanin a support.fortinet.com, na'urar abin da ta ji na ƙarshe kawai take nuna maka. Shi ya sa wani zai biya kuɗi yau ya ga har yanzu ja, sai ya buga execute update-now kafin ta gyaru. Kuma nan ne nake jin tsoro a naka lamarin, tunda ka ce wani injiniya ne ya haɗa ya tafi. Da imel ɗin wa aka yi rajista? In da nasa ne, duk saƙon gargaɗi can ya yi ta zuwa ku ba ku da labari, kuma sabuntawar ma za ta ba ku wahala sai an mayar da na'urar asusunku. Haka yake faruwa da masu sayen ta hannu a Computer Village ta Ikeja, araha ce a ido amma siriyal ɗin na ɗaure da asusun wani da ba ka taɓa gani ba.

In ta tabbata ya ƙare, na'urar ba ta mutu ba, dokokin wucewa da NAT (raba adireshin intanet ɗaya ga kwamfutocin ofis) da VPN (amintacciyar hanyar shiga daga nesa) duk suna aiki, kamar tirelarku ce da takardunta suka ƙare, injin bai san an yi ba. Abin da ya tsaya shi ne sabbin bayanan gano ƙwayoyin cuta da hare-hare, da tace shafuka ta rukuni, da taimakon kamfani. Don a samu a yi aiki yau, a cikin Web Filter akwai zaɓin da ke barin shafuka su wuce in an kasa tantance su, ka kunna shi, amma ka sani ka buɗe ƙofa ne, kuma ka faɗa wa oga a rubuce. Ba na son in ga an bar shi haka wata da watanni.

Maganar sa ido kuwa, FortiOS, manhajar da ke tafiyar da na'urar, na da Automation a ƙarƙashin Security Fabric, akwai License Expiry a ciki, ka haɗa shi da aika imel, kuma imel ɗin ya zama na ofis da mutum biyu ko uku ke gani, ba naka kai kaɗai ba. Amma ni ban yarda da gargaɗin na'ura kaɗai ba wallahi, don farashin lasisi da dala ake lissafa shi, kafin dila ya kawo farashi, akanta ya duba, oga ya sa hannu, canji ya motsa an koma baya. Ka sa a kalanda kwana 90 kafin ranar, ka sake sawa a kwana 30. In kuna da na'urori biyu da aka haɗa HA, wato in ɗaya ta tsaya ɗayar ta karɓa, duka biyun sai sun samu lasisi iri ɗaya, ka duba siriyal na kowacce.

Masu wasu na'urorin: Palo Alto na Device sannan Licenses, ko request license info. Sophos na Administration sannan Licensing, akwai maɓallin Synchronize. Cisco Meraki ce ba ta wasa, a tsarin da lasisin duka na'urori ke ƙarewa rana ɗaya kwana 30 take ɗaga ƙafa, bayan nan intanet ɗin ne gaba ɗaya zai tsaya.

Ka duba agogon da sakamakon diagnose autoupdate versions tukuna, sannan ka nemo wanda ke riƙe da asusun. In za ka turo min hoton allon in gani, ka rufe siriyal lamba da adireshin IP na waje.