Teburin aiki mai naɗewa a bangon gareji: yaya zan kafa shi bai tsige ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Zariya, ina da ɗan gareji wanda in mota ta shiga da ƙyar ake buɗe ƙofarta. A nan nake taɓa gyaran janareta da babur a ranakun hutu, kullum a tsugune a ƙasa, har baya ya fara ƙorafi. Ina son teburin da zan maƙala a bango, in buɗe in yi aiki, in naɗe in shigar da mota. Wani ya ce sarƙa biyu ta isa ta riƙe shi. Ginin na bulo ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye maganar sarƙa tukuna. Sarƙa tana riƙe kantar mai sayar da alewa, amma teburin da za a ɗora wa injin janareta a buga masa guduma, ƙafafu yake so, masu taka ƙasa.

Ga dalili. Duk abin da ka ɗora a bakin teburin da bango kaɗai ke riƙe da shi, fizgo kusoshin sama yake yi waje, kamar yadda ake cire ƙusa da kunnen guduma. Ɗauki teburi mai faɗin santimita 60 da aka tokare da ƙarfe mai tsayin santimita 30 a jikin bango. In ka sa kilo 50 a bakinsa, notocin sama za su ji jan kilo 100, ninki biyu ke nan. Kuma wannan a zaune ne, ba a fara bugu ba. Amma da zarar ka sa ƙafafu biyu a gaba, nauyin ya rabu: wani ya sauka ƙasa ta ƙafafun, sauran ya danna katakon da teburin ke zaune a kai a jikin bango zuwa ƙasa. Bulo yana jure danniya, fizga ce ba ya so.

Tunda ka ce ginin bulo ne, a nan zan fi daɗewa, don a nan aka fi yin asara. Bulonmu mai inci 6 da mai inci 9 duk masu rami ne a ciki, kuma da yawa yashi ya fi siminti yawa a jikinsu. Ka huda, ka sa robar nan da ake kira fisha, ka ɗaure sukuru, ka ji kamar ya kama. Bayan wata biyu na girgiza sai ramin ya rarake, gari ya fara zubowa. Na taɓa zuwa gyaran wani irinsa wanda ya tsige da filasta gaba ɗaya, ya bar ramuka kamar ɓera ya yi.

Hanyar da na fi yarda da ita: ka huda bangon har ya ɓulla ɗaya gefen, ka zura dogon ƙarfe mai zare na milimita 10 ko 12, ka sa faffaɗar wosha ko ɗan falen ƙarfe a baya, ka ɗaure da noti. Guda huɗu sun isa. In bayan bangon ɗakin maƙwabci ne ko falonka, to ka fasa bulon a daidai inda notocin za su zauna, ka cika ramin da kankare mai ƙarfi, ka ba shi aƙalla mako guda ya kama, sannan ka huda ka sa noti mai buɗewa a ciki. Kafin ka huda ko'ina, duba inda soket da makunnin wuta suke. Yawanci waya tana tafiya a miƙe sama ko ƙasa da su a cikin bango, kada ka huda a wannan layin. Wanda kuwa gininsa na ƙasa ne, kada ma ya rataya komai. Ya kafa ginshiƙai biyu na katako daga ƙasa ya maƙala teburin a jikinsu.

Abin da za ka ɗaure da waɗannan notocin shi ne katako ɗaya mai kauri, tu-bai-fo, wato mai inci 2 da inci 4, tsawonsa daidai da tsawon teburin, a kwance a jikin bango. Ka sa lebur, ma'aunin nan mai ruwa a ciki da ke nuna ko abu ya karkace, a kansa kafin ka ja layi, kada ka bi layin filasta ko na daɓe, sau da yawa su ma a karkace suke. Katako mai tauri za ka nema, irin madaci ko loko, wanda ya bushe sosai. Ɗanye zai murɗe da zarar hunturu ya kama, notocin su yi sako-sako.

Saman teburin ba shi da wahala. Fulawud guda ɗaya ƙafa 8 ne da ƙafa 4, wato kusan santimita 244 da 122. A yanka maka shi huɗu, kowane yanki zai ba ka 122 da 61. Ka ɗauki biyu masu kaurin milimita 18, ka shafa gam, ka haɗa su fuska da fuska, ka ɗaure da sukuru ta ƙasa. Ka samu kaurin milimita 36 ke nan, wanda ba ya lanƙwasa, nauyinsa kuma wajen kilo 15, mutum ɗaya zai ɗaga. Ka guji allon nan na garin katako da ake yin kabad da shi. Ruwa ko man inji ya taɓa bakinsa sai ya kumbura, kuma ba ya riƙe sukuru a gefe.

Tsayi kuwa, yawancin tebura suna tsakanin santimita 85 da 90 daga ƙasa. Ni na fi son mutum ya tsaya ya saki hannunsa, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannun. In janareta ce za ta fi hawa kai, rage kaɗan, don ita ma tana da nata tsayin.

Sai a yanke shawara: sama zai naɗe ko ƙasa? Ni sama nake ba ka shawara. Ƙafar teburin ta kai santimita 85, faɗinsa kuwa 61 ne, don haka in ƙasa zai naɗe dole ƙafafun su kwanta a tsawonsa, ɗaya ta goce wa ɗaya, kuma kullum sai ka riƙe teburin da hannu ɗaya kana lalubo ƙafa da ɗayan. In sama ne, kana sauke shi ƙafafun suna saukowa da kansu. Ka ɗaura shi a kan katakon bangon da doguwar pata mai bin tsawon teburin, ko manyan patocin ƙofa uku zuwa huɗu. Ƙafafun ma da pata za ka maƙala su, ka haɗa su da katako ɗaya a tsakani don su riƙa tafiya tare, sannan ka yi wa kowace 'yar ƙugiya ko ƙarfen tokare, saboda ƙafa mai pata shuri ɗaya ke naɗe ta. Kuma kada ka yanka su tsawo ɗaya tun a shago. Daɓen gareji yakan gangara wajen ƙofa, don haka ka tokare teburin da lebur a kai, ka auna kowace ƙafa a mazauninta.

Aibin naɗewa sama ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: abu mai kilo 15 in ya kuɓuce ya faɗo a kan yaro, ba sauƙi. Sakata biyu za ka sa, dama da hagu, can sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Ƙusa lanƙwasasshiya da igiya ba su cikin lissafi.

Na san za ka so bais, matsar ƙarfen nan da ke riƙe abu gam yayin da ake aiki a kansa, tunda gyaran inji kake yi. Kada ka kafa shi dindindin, zai hana teburin kwanciya a bango. Ka ɗaure shi a kan wani guntun katako mai kauri, ka huda ramuka biyu a kusurwar teburin daidai saman ƙafa, ka riƙa ɗaura shi da noti in za ka yi aiki. A saman ƙafar ne kuma za ka riƙa yin duk wani bugu mai ƙarfi, ba kusa da pata ba.

Daga ƙarshe ka goge da samfefa, ka shafa banish sau biyu har da gefuna da ƙasan ƙafafu, saboda damina da gara. In an naɗe, duka-duka abin da zai ci daga bango bai wuce santimita 15 ba. Kafin ka huda rami ko ɗaya, ka shigar da motar, ka buɗe ƙofofinta, ka ja layi da alli a inda ba sa kaiwa.